Tanki Ɗaya Har Ƙarshen Damina

Kafin rana ta leƙo, shi ya riga ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur. Yakan zauna a bakin ƙofa ya sha shayinsa, daga nan ya zagaya gidan. Ya dafa bayan firji da tafin hannu, ya dafa cajar da 'yarsa ta bari a jikin bango, ya dafa talabijin da aka ce an kashe tun jiya. Duk abin da ya ji da ɗumi alhali ba ya yi wa kowa aiki, sai ya zare shi. Matarsa ta daɗe da daina mita. Abin da takan ce kawai shi ne, "Maigida, saura ni ka dafa ka ji ko ina shan wuta." Shi kuwa sai ya ce ai ita aikinta ya fi cinta, ya tayar da babur ya kama hanya.

Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan sammako. Aikinsa kula da ƙarafunan sabis na wani kamfanin waya, dogayen ƙarafunan nan masu jar fitila a ka, waɗanda ba ma tunawa da su sai ranar da waya ta ƙi shiga. A gindin kowane ƙarfe akwai ɗan ɗaki cike da na'urori da batura, a gefensa kuma janareta mai shan man dizal, musamman a wuraren da wutar gari ba ta kai ba. Abokan aikinsa sun kusa manta sunansa na gaskiya. Taɓa-ka-ji suke ce masa, domin duk sabon injiniyan da ya zo da kwamfuta a hammata, sai ya kama hannunsa ya ɗora a jikin akwatin na'ura ya ce, "Taɓa ka ji. Wannan ɗumin mai ne. Tanka ta ɗauko shi daga uwa duniya, mun ƙona shi mun gasa ɗaki, yanzu kuma za mu ƙona wani mu sanyaya ɗakin."

Masu wannan sana'a suna da ɗabi'u biyu da ba a rubuta su a ko'ina ba, amma sun fi dokar kamfani ƙarfi. Ta farko, ɗakin na'urori sai ya yi sanyi ƙarara. Idan babba ya zo duba aiki, ba ya fara kallon mita ko waya. Ƙofa yake buɗewa, in sanyi ya mare shi a fuska sai ya gyaɗa kai, an tabbatar ma'aikacin wurin ya iya aiki. Don haka kowa ke murɗa esi, na'urar sanyaya ɗaki, har ƙurya, ko na'urorin sun nema ko ba su nema ba. Ta biyu kuwa, abin da ka tarar a kunne, kada ka kuskura ka kashe. In ka kashe, sabis ya ɗauke ko na minti biyu ne, jar alama za ta tashi a allon ofis, a nemi wanda ya taɓa, takardar tuhuma ta biyo baya. In ka bar shi kuwa, ko shekara goma zai yi yana zuƙar mai a banza, babu mai tambayarka. Mutane ne masu ilimi, wallahi, amma tsoron wannan jar alama ya sa da yawansu sun koma masu goge ƙura.

Cikin ƙarafunan shiyyarsu akwai wanda ake kira ƙarfen ƙetare. Yana can bayan wani kogi marar gada, shi kaɗai ke ba ƙauyuka shida sabis, da kasuwa, da makaranta, da ƙaramin asibiti. Da rani tankar mai takan bi mashigi ta haye. Da zarar damina ta kankama kuwa, kogi ya cika ya batse, sai wata huɗu babu mota. Tankin janareta in an cika shi maƙil, mako bakwai yake yi. Bayan nan ƙarfe ya mutu, mutanen ƙetare su koma shiga kwale-kwale in suna son jin muryar ɗan uwa. Kamfani kuma ya hana ɗaukar mai a jarkoki cikin jirgin ruwa, kuma yana da gaskiya. Sai aka kawo sabuwar shugabar shiyya, mace mai kaifin kai wadda ba ta son dogon surutu. Ta duba ta ga ƙarfen ƙetare ya fi kowanne shan mai, ga shi yana kwana a mace wata biyu da rabi kowace shekara. Ta sa shi cikin jerin waɗanda za a tumɓuke. Aka tura Taɓa-ka-ji ya je ya rubuto kayan da ke ciki kafin a aiko masu kwancewa.

Ya isa da hantsi. Maigadin wurin, wani dattijo mai raha, ya buɗe masa ɗakin yana alfahari da sanyin da ke ciki. Ya fara bin akwatunan yana dafawa yana rubutawa. A kusurwa akwai wani tsohon akwati mai tsayin mutum, fitilunsa na ƙyaftawa, fankarsa na gurnani, jikinsa zafi rau. Ya kama wayar da ta fito daga kansa ya bi ta da hannu, ta rufi, ta bango, har waje. A gindin ƙarfe wayar ta ƙare. A yanke take, an naɗe bakinta da baƙin salatif da rana ta riga ta cinye. Akwatin nan ba ya ɗaukar kiran kowa, ci kawai yake yi yana hura zafi, esi kuma na faman kashe zafin.

Ya koma ya buɗe murfinsa. Daga ciki akwai 'yar takarda manne, ta yi ja don tsufa: "A kashe bayan mako ɗaya idan sabon bai ba da matsala ba." Ya kalli kwanan watan, shekara tara. Ya kalli rubutun.

Nasa ne. Shi ne ya zo ya dasa sabuwar na'urar, ya bar tsohuwar a kunne don ko-ta-kwana, kwana huɗu bayan nan aka yi masa canjin wurin aiki. Ma'aikata goma sha ɗaya suka yi zamani a wurin a bayansa. Kowanne ya goge akwatin, biyu daga cikinsu har fanka suka canza masa, amma babu wanda ya miƙa yatsa ya kashe. Mutumin da ke zare cajar 'yarsa kowace safiya, ga abin da ya bari a kunne shekara tara. Kunya ta rufe shi har ya nemi wuri ya zauna.

"Injiniya, lafiya?" in ji maigadi.

"Da sauƙi, Malam. Ɓarawon man wurin nan na kama."

Maigadi ya zabura. "Wallahi ni ban taɓa..."

"Kwantar da hankalinka. Ni ne."

Da wani ne, da ya ɓalle takardar ya cusa a aljihu, ya rubuta jerin kayansa, a tumɓuke ƙarfe a tumɓuke da asirin. Saura masa wata takwas ya yi ritaya, fayil ɗinsa fes, ko ɗigon tuhuma babu. Shi kuwa washegari ya shiga ofishin shugaba ya ajiye mata takardar a kan tebur, ya faɗa mata komai ba tare da kwana-kwana ba.

Ta karanta sau biyu. "Baba, ka san abin da wannan takardar za ta iya jawo maka?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma laifina ne, ba na mutanen ƙetare ba. Ba su ya kamata a yanke wa waya ba. Ki ba ni damina ɗaya. A cika tanki sau ɗaya kafin ruwa ya zo, ni kuma in kai shi har kogi ya janye."

"Tankin mako bakwai? Wata huɗu fa kake magana."

"In kin yarje mini in kashe akwatin, in kashe esi, in bar janareta ya riƙa hutawa."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Esi? In na'urorin suka ƙone fa?"

"Na'urorin yanzu suna jure zafin da ni da ke ba za mu jure ba, yana nan a rubuce a littafinsu, ba ma karantawa ne. Batura ne kaɗai ke son sanyi. In wani abu ya ƙone, ki rubuta sunana."

Ta jawo takarda ta sa ya sa hannu. Sharaɗinta a fili yake: ranar da ƙarfen ya mutu don rashin mai, ko na awa ɗaya ne, magana ta ƙare, masu kwancewa za su je.

Tanka ta haye ta cika tanki kwana uku kafin ruwan farko mai ƙarfi. Direbanta, wanda ya ga abin da idonsa, har yau bai gaji da ba da labarin ba. Ya ce Taɓa-ka-ji ya tsaya gaban tsohon akwatin ya kira shugaba da wayarsa, kiran da wannan ƙarfen ne ke ɗauke da shi. Hannunsa ɗaya a kan makunni, goshinsa na tsatsafo da gumi duk da sanyin ɗakin, domin tsoron shekara ashirin da uku ba ya fita a rana ɗaya. Maigadi ya ja da baya har bakin ƙofa. Taɓa-ka-ji ya yi bismilla ya danna. Fitilu suka mutu, gurnani ya tsaya.

"Ranki ya daɗe, kina ji na?"

"Ina jin ka sarai, Baba."

"Allon fa?"

"Ko gezau."

Direban ya ce bai san lokacin da ya buga tsalle ya rungume maigadi ba.

Sauran aikin na gumi ne. Ya huda bangon ɗakin sama da ƙasa, ya sa raga da fankoki biyu masu jan iska, ya kashe esin babban ɗaki. Baturan ya tattara su cikin wani ɗan akwati da ya lulluɓe da kayan hana zafi, ya sa musu ƙaramar na'urar sanyi tasu su kaɗai. Ya ƙaro wasu batura masu sauran rai da ya tsinto a sito. Sannan ya saita janareta ya riƙa tashi ya cika batura ya kwanta, su kuma su riƙe ƙarfen har su yi ƙasa. Injin da bai taɓa sanin hutu ba ya koma aikin awa takwas a yini. Kowane mako sai ya ɗora babur a kwale-kwale ya haye, ya zura sandar awo a tanki, ya yi zane a bango da alli. Mako bakwai ya wuce, lokacin da ƙarfen ya saba mutuwa, man tanki bai ko sauka zuwa rabi ba.

A mako na tara ne aka samu cikas. Tun daga bakin ruwa ya jiyo janareta na ruri a lokacin da ya kamata a ce yana kwance. Ya ƙarasa da gudu ya buɗe ɗakin, sanyi ya doke shi. Maigadi na tsaye yana washe baki.

"Na ji an ce shugaba za ta zo cikin makon nan," in ji shi. "Na ce ina, ba za a shigo a tarar da ɗakinka kamar gidan burodi a ce ba ka iya aiki ba. Kwana biyar ke nan da na kunna. Na rufa maka asiri, Injiniya."

Taɓa-ka-ji ya zura sanda, ya zaro, ya kalli inda mai ya tsaya. Man mako biyu ya tafi. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma ya dubi dattijon nan da ya yi abin don ƙauna, ya tuna cewa su ne injiniyoyi suka koya masa sanyi shi ne mutunci. Sai ya haɗiye fushin, ya kama hannunsa ya kai shi bayan ɗakin inda esi ke fesar da zafi, ya bar shi ya ji da tafinsa. Ya ce, "Malam, kowane yinin wannan sanyin, kwana uku ne na wayar mutanen ƙauyenku." Maigadi ya janye hannunsa. Da kansa ya je ya kashe, ya cire makullin esin ya miƙa masa da hannu biyu.

Dole aka sake ɗamara. Ya koma wurin shugaba ya gaya mata gaskiya, ya roƙi a bar shi ya saita eriyoyi biyu cikin uku su riƙa yin gyangyaɗi a sa'o'in da kira ke ƙaranci, su farka da kansu in an buƙace su. Ta yarda. Ya riƙa wanke ragar fankoki duk zuwa, ya ɗaure duk wata waya mai ɗumi da ta saki. Kogi kuma, kamar da gayya, ya ƙi janyewa a kan lokaci. Mako na sha shida ya wuce ruwa na nan. Matarsa ta ce a kwanakin nan ko abinci aka ajiye masa sai ya yi sanyi, yana zaune da biro yana lissafin awoyi a bayan kwalin shayi.

A mako na sha takwas mashigi ya buɗe. Tanka ta haye, shugaba na zaune a gaba kusa da direba, domin ta ce da idonta take son gani. Jar fitilar na nan a kan ƙarfe. Shugaba ta karɓi sandar awo da hannunta, ta hau ta zura ta har ƙasa, ta zaro. Bakin sandar a jiƙe yake, tsawon yatsu huɗu a jere. Direba ya kwaɗa kabbara, ya danna hon har awaki suka watse. Shugaba ta sauko ta buɗe ɗakin na'urori, iska mai ɗumi ta fito, fankoki na juyawa, komai na aiki. Ta ciro jerin ƙarafunan da za a tumɓuke daga jakarta, ta ja layi a kan na ƙetare, sannan ta juyo ta ce, "Baba, ƙarafuna nawa za ka iya zagayawa kafin ka tafi?"

Bai iya zagaya duka ba, amma ya koya wa masu zagayawa. Cikin ƙarafuna ɗari huɗu na shiyyar, an samu sittin da uku da irin wancan akwatin, a kunne, a goge, ba sa yi wa kowa komai. An kashe su. An cire esi a mafi yawan ɗakunan. Tankokin mai da ke zirga-zirga sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, unguwannin da hayaƙi da rurin janareta suka addaba sun samu sarari. Yanzu in babba ya zo duba aiki ya ji sanyi ya mare shi, tambaya yake yi. Rahoton da aka kai hedikwata mai shafi arba'in ne, da hotuna masu launi, amma ka duba daga farko har ƙarshe ba za ka ga sunansa ba. An ce "ƙoƙarin ma'aikatan shiyya". Wannan ya yi mana ciwo, mu da muka san labarin, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Kai ne, Taɓa-ka-ji, wanda ya ga kuskurensa da rubutun hannunsa bai yaga ba. Kai ne ka ɗauki fayil mai tsabta na shekara ashirin da uku ka ajiye shi jingina saboda mutanen da ba su san ma ana shirin yanke su ba. Kai ne ka koya wa masu digiri cewa kashe abu ma aiki ne, kuma wani lokaci ya fi kunnawa buƙatar zuciya. Namijin duniya, mai tafin hannun da ya fi mita gaskiya.

Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Kwana biyu kafin nan ya haye ƙetare ya yi sallama da maigadi, suka daɗe riƙe da hannun juna. Da ya fito ya tsaya a bakin kasuwa yana gyara ɗaurin jakarsa, babur a kunne. Wata tsohuwa mai sayar da kayan miya na zaune kusa, waya manne a kunne, ɗaya kunnen ta toshe da yatsa. Ta harare shi.

"Bawan Allah, don Allah ka matsa da ƙarar nan! Da ɗana nake magana, daga nesa yake kira, ka cika mini kunne."

"Yi haƙuri, Inna," in ji shi.

Ya kashe babur ɗin, ya tura shi da ƙafa har ya yi nisa da ita, sannan ya tayar.

Ita ba ta san ka ba, Baba, kuma ba za ta taɓa sanin cewa saura kaɗan wannan kiran ya gagara ba. Mu da muka sani, mun gode a madadinta, da madadin ƙauyuka shida. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka da lafiyar cin moriyarsa. Ku kuma da kuke bakin aiki, a ɗakin na'ura ne ko a ofis ko a asibiti, ku yi koyi da shi: ku bi wayar har ƙarshenta, in kun tarar laifin naku ne ku faɗa da bakinku, ku gyara tun kuna da iko. Akwai wata uwa a wani wuri da ke jiran waya ta yi ƙara.